Jabir da Daron Layin Maradun

Duk wanda ya taɓa shiga motar Maradun daga tashar Talata Mafara ya san Jabir, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tabarau, wanda ke tsayawa bayan mota da igiya a kafaɗa yana kiran "Maradun, Janbako, saura mutum biyu!" da wata irin murya kamar ta mai ba da haƙuri. Ɗan kamasho ne, ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar direbobi, wadda kowa ke ce wa yuniyon. Aikinsa kiran fasinja da ɗaurin kaya, sai kuma tura mota in ta ƙi tashi, wanda a layin Maradun ba abin mamaki ba ne. Kuma digiri biyu gare shi. Wannan ne ke sa mutane su sake waiwayowa su dube shi da kyau.

Mutumin Bakura ne. Ubansa Sanusi mahauci ne, ya rasu Jabir na sakandare, ya bar masa wuƙaƙe da uwa. Uwar, Marka, ta naɗe wuƙaƙen cikin tsumma ta jefa ƙarƙashin gado, ta rantse ɗanta ba zai yi ƙarnin jini ba. Ta kuwa cika alkawari. Da ƙuli-ƙuli da kiwon tumaki ta tura shi Sakkwato ya karanto ilimin noman rani, ya koma ya ƙaro na biyu a kai. Tun yana yaro, in an wuce da shi ta wajen dam ɗin Bakolori, yakan ce a ransa nan zai yi aiki, ya zauna ofis ya riƙa raba wa gonakin shinkafa ruwa. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida, sai jira ya fara. Ya kai takardu Gusau, ya kai Sakkwato, har Abuja sai da ya taka. Ko'ina a karɓa da hannu biyu, a ce za a neme shi. Ba wanda ya neme shi.

Zaman Bakura ya ishe shi. Yara na ce masa Injiniya, manya na tambayarsa "ya labarin aikin?" a duk gaisuwa, shi kuma da rana ya shiga gida ya buɗe kwanon da Marka ta rufe masa. Wata rana tana miƙo masa fura ya ga bayan hannunta duk tabon man suya ne, sabo a kan tsoho. Washegari ya sa farin kaftaninsa, ya soke biro a aljihun gaba don ya saba, ya hau mota zuwa Mafara wurin Maiwada.

Maiwada shi ne shugaban layin Maradun, tsohon direba, ƙato mai tumbi da saurin dariya, wanda a da yake ɗaukar wa Sanusi fatu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da tsohuwa da gajiya da ruwa, aka koma aka sake daga farko. Da Jabir ya faɗi abin da ya kawo shi, dariyar Maiwada ta ɗauke.

"Mi kac ce? Kamasho? Kai ɗin?"

"Ni ɗin, Baba."

"Ɗan Sanusi, wanga aiki na ƙasa na hwa. Rana ta, da zagi, da warin fetur. Kai da anka ce ka sha karatu har ka ƙoshi."

"Karatun na nan, Baba, ba ya gudu. Ni dai in samu abin yi."

Maiwada ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya gaya masa abin da ke cikin aikin, bai ƙara ba bai rage ba. Akwai kason yini, kullum, ba jiran ƙarshen wata. Akwai katin yuniyon. In ka kwanta ciwo a zo a dube ka, in wani ya taɓa ka ya taɓa layi duka, in ka mutu a kai ka. Daga kamasho wasu sun hau, wasu sun tsufa a nan. Ya ce ya zo ran Talata.

Da Jabir ya gaya wa Auwalu a waya, abokin karatunsa da ke aiki a wani kamfani a Kaduna, sai da ya janye wayar daga kunne. "Ka haukace ne?" in ji Auwalu. "Kamasho da digiri biyu? Wallahi in aka san ka yi wannan, ba mai sake kallon takardunka. Ka jira mana!" Jabir ya ce ai ya yi jiran. Marka kuwa ba ta yi faɗa ba. Tana juya ƙuli a kasko ta ce, "To can Mahwara, da wa za ka riƙa cin abinci?" Ya yi dariya ya ce ai tasha cike take da mutane. Ita ba ta yi dariyar ba.

To, akwai wata al'ada a layin Maradun da ba wanda ya gaya masa, don a wurinsu abu ne da kowa ya sani. Bayan azahar 'yan layin kan ci abinci a daro ɗaya, babban daro na tuwon shinkafa daga rumfar Zainab mai tuwo, da miya a tsakiya da 'yan yankan nama a sama. Wanda ya shigo aiki a ƙarshe shi ke ɗauko daron a ka, ya zagaya da buta yana zuba wa manya ruwa, ya zauna a ƙarshe, kuma kada ya kuskura ya taɓa nama sai an turo masa. In an gama ya wanke ya mayar. Haka zai yi ta yi har Allah ya kawo wani sabo ya sauke masa. A bakin daron nan ne kuma ake raɗa wa mutum sunan tasha, sunan tsiya wanda zai bi shi har kabari. Mai raɗa sunan shi ne Muttaka, dattijon 'yan kamasho, mutumin Tsibiri, siriri mai jan haƙoran goro, wanda ya fi kowace motar layin daɗewa a tasha. Shi ya sa wa wani Birki, ya sa wa wani Tsumma, Maiwada kansa yana da nasa da ba a faɗa a gabansa. Mutum bai zama ɗan layi ba sai an aike shi, an zage shi, an sa masa suna.

Mai ɗaukar daro a lokacin Ishaku ne, magidanci da furfura ta fara fito masa a gemu, wanda rashin zaman lafiya ya taso daga ƙauyensu. Ya daɗe yana ɗauka, don an jima ba a ɗauki sabo ba. Da ya ji ana cewa sabo na tafe, har kyautar goro ya yi.

Talata ta zo, ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil da buhunan shinkafa da albasa da awaki masu ihu. Jabir ya iso cikin farin kaftani da biro a aljihu. Haba, ɗan Sanusi, wa ya ce maka haka ake zuwa kamasho? Da azahar ta wuce, kowa ya dubi Maiwada yana jira ya ce sabo ya tafi rumfar Zainab. Maiwada ya dubi kaftanin, ya dubi biron, bakinsa ya yi nauyi. Ta yaya zai aiki mai digiri biyu ɗauko tuwo a ka? Sai ya yi wa Ishaku alama da ido. Ishaku ya tsaya kamar bai gane ba, sannan ya tafi, yana jan ƙafa.

Aka aje daro, aka kewaye shi. Muttaka ne ya ɗaga kai ya hango Jabir tsaye jikin mota.

"Malam, bisimilla."

Jabir tun safe ba abin da ya sa a cikinsa sai ruwa. Ƙamshin miyar nan har jiri yake sa shi. Amma ɗan Marka ne, kuma Marka ta yi masa tarbiyya cewa ɗan mutunci ba ya faɗa wa abincin mutane a kiran farko. Sai ka ce ka ƙoshi, a sake kira, ka noƙe, a matsa maka, sannan ka zauna kamar an tilasta ka. Don haka ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi. A ci lahiya." Ya tsaya yana jiran kira na biyu.

A tasha kuwa ba a kira na biyu. Wa ke da lokacin? Mota na iya cika kana tsakiyar loma. Muttaka ya ƙara duban farar rigar, ya gyaɗa kai a hankali, ya sa hannu a tuwo. A ransa ya gama fahimta, malamin boko ba zai haɗa hannu da 'yan kamasho a daro ɗaya ba, kuma bai ga laifinsa ba. Da yamma ya ja sauran gefe ya ce kada wanda ya takura wa bawan Allahn nan, ƙaddara ce ta kawo shi, a rufa masa asiri har ya samu inda ya dace da shi.

Washegari sai ga Ishaku da daro a ka, a hannu kuma da wani faranti mai murfi, har da cokali. Aka kai wa Jabir kan benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, nesa kaɗan da inda ake zama. Jabir ya dubi farantin ya dubi daron, ya gane abin da ya ga kamar shi ne gaskiya, wato ba sa son sa a cikinsu. Ya ce ya gode, ya zauna ya ci.

Haka aka tafi. Wallahi da ƙiyayya ce da ta fi sauƙi, don ƙiyayya ana iya rama ta. Girmamawa ce. In ya ɗauki igiya zai ɗaure kaya, sai wani ya zo da gudu ya karɓe, "Bari, Malam, kada ka ɓata hannu." In mota ta ƙi tashi ya sa kafaɗa, sai a ce ya koma inuwa. Sai da ya yi ta naci, yana riga kowa zuwa, ya jefar da kaftani ya sayi rigar gwanjo, kafin aka bar shi ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ya koyi ɗaure akuya a but ɗin mota ba tare da ta shaƙe ba, ya koyi cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku yana ba su haƙuri. Tafin hannunsa ya yi kanta. Duk da haka sunansa Malam. In ana ba'a ya matso, sai ba'ar ta mutu, a koma maganar tsadar mai. Ishaku kuwa ko kallonsa ba ya yi, ya dire masa faranti ya juya.

Ɗakin da ya kama a bayan kara yake, inda ake sayar da shanu, ɗaki ɗaya da katifa da akwatin littattafai da bai ƙara buɗewa ba. In ya tashi aiki ya yi magariba a masallacin tasha, ya koma ya zauna bakin ƙofa yana jin kukan shanun da ba a sayar ba. Abokan makaranta sun rage kira. Wata rana ya hango ɗaya daga cikinsu ya tsaya sayen kankana a bakin titi cikin mota mai sanyi, sai ya tsinci kansa tsugune bayan wata bas yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Can ba nasu ba ne yanzu, nan ma bai zama nasu ba. Lokacin da ya fi tsana a duk yini shi ne bayan azahar, sa'ad da dariya ke tashi daga wajen daro, ana tsokanar Birki, ana zagin Tsumma, shi kuma yana kan benci ba abin da yake ji kusa da shi sai ƙarar cokali a faranti. Mutum ne da ya kai shekara talatin, amma abin da yake so a duniya shi ne wani ya daka masa tsawa ya ce masa ɗan banza. Kaɗaici ne ya yi masa yawa, ba wani abu ba.

Ran Juma'a yakan je Bakura da ɗan ƙunshin shinkafa da nama. Marka ta karɓa ta sa albarka, ta dubi wuyansa da ya ƙara tsawo, ta yi tambayarta ta kullum.

"Da wa kaka cin abinci?"

"Da mutane, Inna."

"Su wa?"

"Mutanen tasha mana."

Sai ta ƙara masa miya.

Da damina ta kankama Auwalu ya kira da murna. Akwai wani aikin kwantiragi a Kaduna, na 'yan watanni, tattara bayanai a ofis, ya yi masa magana, kuma ya rufa masa asiri bai ce kamasho yake ba. In yana so ya amsa kafin mako ya fita. Jabir ya zauna bakin ƙofa ya auna abin da gaske. Aikin tasha ya ciyar da shi, ya sauke kaskon Marka kwana biyu a mako, kuma ba ranar da za a ce masa kwantiragi ya ƙare. Na Kaduna in ya ƙare sai a koma jira. Amma mene ne amfanin yuniyon ga wanda ba ya cikinta sai a kati? In dai zaman kaɗaici ne, gara ya yi shi a ofis ƙarƙashin fanka. Ya kusa yanke shawarar tafiya.

A makon nan ne Muttaka ya kwanta. Tari ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida Tsibiri. Layi ya haɗa abin dubiya kamar yadda aka saba, sai maganar wa zai kai. Hanyar ta lalace da ruwa, ga kuma abin da kowa ya sani game da hanyoyin can, wanda ba a cika son ambata ba. Ana ta kallon-kallo Jabir ya ce shi zai je. Maiwada ya fara "A'a, Malam," Jabir ya ɗauki ƙunshin ya shiga mota. A ransa sallama ce zai yi wa tsohon, don shi kaɗai ne ya taɓa kiransa ga abinci, ko da sau ɗaya ne.

Mota ta sauke shi Maradun, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi cikin taɓo, wani wuri a hau wani wuri a tura. Ya isa Tsibiri wandonsa ja har gwiwa. Ya tarar da Muttaka a zaure kan tabarma, an jingina shi da bango, ya ƙara ƙanƙancewa. Da tsohon ya ga ko wane ne, ya yi yunƙurin gyara zama.

"Malam da kanka? Subhanallahi. Wa yab bari ka biyo wagga hanya?"

Suka gaisa, Jabir ya isar da gaisuwar layi ɗaya bayan ɗaya, ya aje ƙunshi. Can aka fito da tuwon dawa daga cikin gida a kwano ɗaya. Muttaka ya dubi kwanon ya ruɗe, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa yana cewa a koma a zubo wa Malam nasa daban, a nemo cokali ko a maƙwabta ne, Malam ba shi ci da hannu, ba shi kuma ci da mutane.

Nan abin ya tsinke wa Jabir.

"Baba, don girman Allah, mi na yi muku?"

"Kamar ƙaƙa?"

"Tun da naz zo kuka ware ni. Kullum ni ɗaya kan benci kamar mai kuturta. In wani laihi na yi, a hwaɗa mini."

Muttaka ya saki baki. "Mu munka ware ka? Ba ni nik kira ka ba ranar da kaz zo? Gaban kowa na ce bisimilla, kac ce ka ƙoshi!"

"Yunwa nake ji ranar kamar in hwaɗi, Baba. Jira nake ka sake kira."

"In sake kira?"

"Haka tsohuwata ta koya mini. Ba a zama a kiran hwarko."

Tsohon ya kalle shi. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa, ta juye tari, tarin ya juye dariya, har hawaye na bin kuncinsa, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Da ya samu numfashi ya nuna shi da yatsa.

"Kai ɗan banza! Tasha gidan surukai ta? Watanni kana cin tuwo da cokali kamar baƙon gwamna, Ishaku na ɗaukar maka daro da hurhura tai, ashe kunyar Bakura ta! Matso nan, sakarai, wanke hannu."

Ba a taɓa zagin Jabir ya ji daɗi irin na ranar ba. Suka sa hannu a kwano ɗaya, tsohon na ɗan tsakura, shi kuwa yana kai loma kamar wanda ya dawo daga tafiya. Muttaka ya zayyana masa al'adar daro tun daga gammo har wankin ƙarshe, yana yi yana zaginsa. Da Jabir zai tashi tsohon ya riƙe masa hannun riga.

"Sunanka na tasha na nan hwa," ya ce. "Tun ranar da nij ji kana kiran hwasinja kamar mai roƙon gahwara na raɗa maka shi. Na ɓoye don ban ga wurin hwaɗi ba." Ya sake ƙyalƙyalewa shi kaɗai.

"To hwaɗa mini, Baba."

"A'a. Ba a ba da suna sai bakin daro, gaban kowa. Tahi ka ɗauko daro. In na taso ka ji shi."

Washegari bayan azahar, kafin Ishaku ya miƙe, Jabir ya riga shi rumfar Zainab. Ta ce, "Malam, ga hwarantinka nan," ya ce ta bar shi, ya naɗe tsumma ya ɗora a ka ya ce ta aza masa daron. Ta yi salati, ta aza. Ashe abin da nauyi, ga zafi. Ya ratso tsakiyar tasha yana tangaɗi, miya na tsiyayo masa ta bayan kunne, tabarau ya zamo har kan hanci ba hannun gyarawa. Direbobin wasu layuka suka bar abin da suke yi. Maiwada ya miƙe da sauri zai karɓa, Jabir ya kauce masa. Ya dire daron, ya ɗauki buta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suna miƙo hannu a ɗarare kamar ruwan zai ƙone su. Sannan ya zauna a ƙarshe, ya sa hannu.

Aka ci shiru, ba mai tsokanar kowa. Kowa na ture nama daga gabansa a hankali, har yankan suka taru a tsakiya, kusa da Jabir. Shi kuwa garin kai loma ya manta da abin da aka gaya masa jiya jiyan nan, ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya. Ji kake tas! Ishaku ya make masa bayan hannu, naman ya koma cikin miya.

"Sabon shiga ba shi taɓa nama!"

Ishaku kansa ya tsorata da abin da hannunsa ya yi. Jabir ya dubi bayan hannunsa, ya ce, "Tuba nake, yaya." Maiwada ne ya fara fashewa, tumbinsa na rawa, sai duk aka ɗauka, Birki har da faɗuwa ta baya. Ana cikin haka waya ta fara kuka a aljihun Jabir. Ya san Auwalu ne, mako ya ƙare. Hannunsa na dama na cikin miya, na hagu na riƙe da bakin daro kada a janye masa. Ta yi ta kuka har ta gaji.

Ko ya yi daidai? Oho. Auwalu har yau cewa yake ya yi wauta, kuma ba lalle ne Auwalu ya yi ƙarya ba. Digiri biyu na nan cikin akwati a bayan kara, dam ɗin Bakolori na nan inda yake, kuma in aka ce gobe ana ɗaukar masu raba ruwa, Jabir zai kai takardunsa. Amma Juma'ar da ta biyo baya, da Marka ta yi tambayarta, ya lissafa mata su da sunayensu na tsiya, tana ta "wane irin suna na wanga?" Ranar ba ta ƙara masa miya ba, ta ce ai ya ƙoshi.

Muttaka bai taso ba. Wata safiya direban farko da ya fito daga Maradun ya kashe mota ya sauko ba tare da ya yi wa kowa ba'a ba, nan aka gane. Layi ya rufe, aka cika mota biyu zuwa Tsibiri, aka kai shi. Bayan an yi addu'a Jabir ya ja babban ɗan marigayin gefe, da kunya, ya tambaye shi ko tsohon ya taɓa ambata wani suna da ya ce ya ajiye wa wani a tasha. Ɗan ya ce ƙwarai, yakan kwanta ya yi ta dariya shi kaɗai, in an tambaye shi ya ce sai ya koma tasha. Bai gaya wa kowa ba.

Da aka dawo an so a sa masa wani. Maiwada ya gwada ɗaya, Ishaku ya gwada ɗaya, duk ba su zauna ba, aka bari. Suka ce wanda Muttaka ya raɗa shi ne sunan, kuma yana wurin Muttaka. Shi ya sa a duk layin Maradun Jabir kaɗai ne ba shi da sunan tasha. Malam ɗin dai ake ce masa, sai dai yanzu ana haɗawa da zagi. Wani lokaci yana tsakiyar kiran "Maradun, Janbako," sai ka ga ya ɗan tsaya, yana sauraren muryarsa, ko zai gano abin da tsohon ya ji a cikinta. Bai gano ba.

Daron ya daɗe da sauka daga kansa, an ɗauki sababbi bayansa. Abu ɗaya ya canza a layin, kuma shi ya canza shi. Ranar da sabo ya fara aiki, Jabir ne ke ɗaga kai ya ce masa bisimilla. In mutumin ya dafa ƙirji ya ce ya ƙoshi, Jabir ya sake kira. In ya noƙe, ya sake. Ishaku ya yi ta mita tuwo na hucewa, mota na cika, Maiwada ya ce wannan tsiyar Bakura ce aka kawo musu tasha. Jabir ba ya ko kallonsu, ya riƙe bakin daro, kuma ba mai sa hannu sai mutumin ya zo ya zauna.